Ƙyastun kakana ya ƙi ba ni wuta, ina kuskuren yake?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Ina neman wanda ya taɓa ƙyasta wuta da hannunsa, ba wanda ya ji labari ba.

Makon jiya mun je Gwadabawa kwashe kayan ɗakin kakanmu, Allah ya jiƙansa, don damina ta ci bangon, za a rushe a sake. A ƙasan wani tsohon adudu na tarar da 'yar jakar fata da ba ta kai tafin hannu ba. A ciki akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da yatsu uku ke shiga, da duwatsu biyu, ɗaya fari ɗaya ruwan toka, sai guntun ƙaho mai murfi da wani baƙin gari a gindinsa. Goggo na gani ta ce ƙyastunsa ne, da shi yake tafiya lokacin da yake kai kaya a jakuna Illela da Ƙonni.

Dare uku ke nan ina fama. Tartsatsi na fita, ba laifi. Na tara masa audugar kemis, na tara takarda, na tara busasshiyar ciyawa, ko hayaƙi babu. Abin da na samu shi ne yanka a babban yatsa, da dariyar maiɗakina, wadda jiya ta zo ta ajiye min kwalin ashana a gabana ba ta ce uffan ba. Shin ƙarfen ne ya mutu don tsufa, ko ni ne ban iya ba?

Jikan Maƙera:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ƙarhenka lahiya lau yake. Tunda ka ce yana tartsatsi, ya yi nashi aiki. Ni a Maƙera Assada anka haihe ni, na ja zugazugi tun ban kai tsawon uwar maƙera da guduma ba, kuma na ga tsohona yana ƙera irin wanga abu ga maharba.

Abin da ba ka gane ba shi ne, ƙyastu ba ya ba da harshen wuta. Ba ashana ba ne. Idan ka buga, kaihin dutsen ne ke kankaro ƙarhe ɗan mitsitsi, zahin bugun ya sa shi ya kama, shi ne tartsatsin da kake gani. Wato ƙarhen ne ke ci, ba dutsen ba. Shi ya sa ba kowane ƙarhe ka yi ba. Ɗauki ƙusa ko rodin gini ka buga har gobe, da ƙyar ka ga wani abu, don suna da laushi. Sai mai tauri wanda anka gasa ya yi jawur anka tsoma a ruwa. Tsohon magagari da ya daina ci, ba abin da ya kai shi.

To wanga tartsatsi ransa bai wuce ƙiftawar ido ba. Takarda ba ta kama shi, ɗanyar auduga ma da wuya. Wancan baƙin garin na cikin ƙaho da ka raina, nan asirin yake. Ƙonannar auduga ce ko ƙonannen tsumma, shekaru sunka maishe shi gari. Samu tsumman auduga zalla, tsohon rawani ko saƙi, kada ka ɗauko mai leda a ciki don narkewa zai yi. Sa mishi wuta, da ya kama ya yi baƙi sai ka danne shi da murhin gwangwani ya mutu kahin ya zama toka. Audugar rimi da ta tumfafiya ma ana yi da su, a ɗan babbake su. Maharba kuwa har ɗan albarushi suke goga mata don ta yi saurin kamawa, amma kai kada ka fara.

Riƙo: dutse a hagu, kaihinsa na waje, ƙonannen tsumman bisa dutsen dab da baki, ka danne da babban yatsa. Ƙarhe a dama, ka sauko da shi a kaikaice awa mai fiƙe kara, ba awa mai fasa goro ba. Ina kyautata zaton fasa goro kake yi, shi ya sa ka yanke. Da ka ga ɗan jan ɗigo a tsumman, ka gama da ƙarhe. Naɗe shi cikin yayi ko ɓawon karan dawa, ka hura a hankali har ya tashi. In bakin dutsen ya dakushe, ɓantare shi kaɗan ya yi sabon kaihi.

Inna Wurno:
Jikata ce ta karanto min, na ce ta rubuta abin da zan faɗa. Ɗana, kada ka ɗauka kowace safiya mutanen da ke tashi suna buga dutse. Ni na girma a gidan da ya fi mutum talatin, ban taɓa ganin uwata ta riƙe ƙyastu ba. Wannan kayan maza ne, matafiya da maharba da masu shan lofe. Mu mata ba mu kunna wuta, riƙon ta muke yi.

In an sauke tuwon dare, sai a tura gungume guda cikin murhu, ko a sa kandilo, a lulluɓe garwashin da toka. Da asuba ki tona, ki tarar da shi ja, ki sa kirare ki hura. Itacen ƙirya ya fi kowane riƙe wuta. Matar da wutarta ke yawan mutuwa kuwa, kishiyoyi sun samu abin faɗa.

In ta mutu, sai a ba yaro tsingaro a ce je ka gidan wance ka ɗosano wuta. Ni aka fi aike don ina da gudu. Ranar iskar hunturu sai na yi sawu uku, ko ta mutu a hanya, ko in tsaya kallon wani abu in iso da toka. An sha gargaɗinmu kada mu bi kusa da rumbu ko dannin kara, don gobara a garin da duk jinka ne ba wasa ba ce. Ko yau in baƙuwa ta shigo ta ƙi zama, ba ka ji ana ce mata ɗibar wuta kika zo yi ba? To daga nan ne.

Ashana ta zo gidanmu ina da wayo, amma tsinke-tsinke ake tattalinta. Mahaifinmu a aljihu yake ajiye kwalin, don fitila kawai.

Almajirin Zaure:
Inna ta faɗi gaskiya, Allah ya ƙara lafiya. Ɗan ƙari kawai. Kafin ƙarfe akwai murza itace bisa itace, kuma Alƙur'ani ya ambata a ƙarshen Yasin, aya ta 80, wuta daga ɗanyen itace. Masu tafsiri suna kawo itatuwa biyu da Larabawa ke gogawa, marakh da afar. A Adiyati kuma an yi rantsuwa da dawakin da kofatansu ke ƙyasta wuta a kan duwatsu. Ita ashanar da ake gogawa ta kama ba ta cika tsufa ba: wani mai haɗa magani a Ingila, John Walker, ya fara sayar da ita a 1827, irin wadda sai a jikin kwalinta take kamawa kuma daga baya aka fito da ita a Suwidin. Turawa ba su ci Sakkwato ba sai 1903. Ka ga duk zamanin Shehu da Bello, ƙyastu ne da bakin wuta.

Na taɓa gwada murzawar da wani abokina Bafillace a Kware. Tafin hannuna ya yi bororo, hayaƙi ya fito, wuta ba ta zo ba. Ba na ba ka shawara.

Ɗan Mabera:
Yaya Jikan Maƙera, Allah ya saka da alheri, fasa goro kuwa nake yi. Na yago gefen wani tsohon rawani na ƙona a gwangwanin madara. Karo na farko na makara ya zama toka, na biyu ya yi. A bugu na bakwai ko na takwas jan ɗigon ya zauna a tsumman, yana ɗan yaɗuwa kamar bakin sigari. Na ruɗe na hura da ƙarfi ya tarwatse a kan wandona, yanzu akwai huda biyu a gwiwa. Na sake, wannan karon da yayi a kusa, ya tashi. Da ita aka dafa shayin daren jiya, kuma na mayar wa maiɗakin da ashanarta.

Farin dutsen ya fi ɗayan ba da tartsatsi amma yana ta ɓarewa, ya kusa ƙarewa, don haka na mayar da shi jaka ba zan ƙara taɓa shi ba. Yaya, a ina zan samu dutsen ƙyastu irin wannan a kusa da gari? Inna kuma, na cika ƙahon da sabon tsumma. Ran Juma'a zan kai wa Goggo ta gani.