Sun rubuta "LC at sight" a takardar farashi, in sa hannu?

Mai Injin Ban Ruwa, Garwa: Assalamu alaikum. Zan sayo injin ban ruwa guda 60 daga Indiya, kuɗin ya kai miliyan 9 na sefa. A takardar farashi sun rubuta "LC at sight". LC ɗin na sani, takardar da banki ke lamunce wa mai kaya biyan kuɗinsa ce. Yarona ya ce sight gani ne, wato sai na ga kaya zan biya. Haka ne? Ranar Alhamis suke son amsa.

Malamin Turanci, Marwa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron bai yi ƙarya ba, rabi ya kawo. Sight ƙarfin ido ne, in aka ce "he lost his sight", ya makance ke nan. Akan kuma faɗe shi ga abin da ake zuwa kallo, shi ya sa yawon buɗe ido ya zama sightseeing. A kula da site, wato wuri: furuci ɗaya, rubutu daban.

Tsohon Ma'aikacin Banki, Ngaundare: Malam, wannan na aji ne. Alhaji, kada ka sa hannu da wannan fahimtar. At sight shi ne "à vue" da muka sani a Faransanci, kuma takardu ake gani, ba kaya ba. Da sun loda, za su kai wa banki takardar jirgi, wato connaissement, da facture da jerin kaya. Banki yana da kwanakin aiki 5 ya duba. In sun dace da abin da ke cikin LC sai ya biya, ko da jirgi yana tsakiyar teku. Ba ruwansa da abin da ke cikin kwantena. In lokaci kake so, nemi su rubuta "60 days after sight", kwana 60 bayan an gabatar da takardar neman biya.

Hajiya Mai Keken Ɗinki, Kuseri: Wallahi wannan kalmar ce ta karya ƙanin mijina. Keken ɗinki 200 ya saya. An cire kuɗi tun kaya ba su iso Duwala ba. Aka ɗora su a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, mota ta kawo su nan, da aka buɗe kusan rabi ba ƙafa ba bel. Ya koma banki, suka ce takardu daidai suke. Fili ya sayar ya biya mutane, har yau bai koma kasuwa ba.

Ɗan Transit (mai fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa), Duwala: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Maganinsa a sa takardar dubawa kafin lodi cikin takardun da LC ya wajabta, a kuma rubuta sunan kamfanin da zai duba. Ba ita, ba biya. Jaka 150 ya isa.

Hajiya Mai Keken Ɗinki: Ina! Jaka 400 aka nema wurinmu.

Direban Njamena: Alhaji, in dai matsalar sight ce, tabarau na jaka biyu a Babbar Kasuwa 😂

Ɗan Transit: Ka duba kuma ko LC ne ko "D/P at sight". A na biyun banki bai lamunce wa kowa ba, kai za ka biya sannan a miƙa maka takardu. Baba na banki ya bar aiki da daɗewa, mu ne a bakin ruwa kullum.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Yaro, ai ya ce LC tun a layin farko. Kai kwantena kake fitarwa, ba ka taɓa duba LC ba. Alhaji, tunda kuɗin ya wuce miliyan 5, dole a yi domiciliation, wato a yi wa sayen rajista a banki, kafin komai.

Malamin Turanci: Abin da ke ƙona mini rai, harsunan hukuma biyu ne a Kamaru, amma ka kai takardar Turanci a nan arewa sai a ce ka je a fassara. Jaka 5 kowane shafi.

Ɗan Transit: Jaka 5 a ina, Malam? Mai hatimi ba ya karɓar ƙasa da 15. Kuma na ga wanda ya fassara at sight da "sur site", wato a wurin.

Mai Injin Ban Ruwa: To jama'a, Alhamis ɗin fa? In ce su ƙara takardar dubawa ne, ko in nemi kwana 60 ɗin?

Direban Njamena: Malam, wa ke fassara a jaka 5 ɗin? Ina da takardun mota daga Najeriya.