Rancen karatu na gwamnatin tarayya: ta ina ake farawa?

Tela daga Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. 'Yata ta fari ta samu gurbin karatu a Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, a gida kuma akwai ƙannenta uku da ke sakandare, ni kuwa ɗinki ne sana'ata, idan Sallah ta wuce sai kasuwa ta kwanta. Na ji ana maganar rancen NELFUND, wato hukumar ba ɗalibai rance ta gwamnatin tarayya, a rediyo, amma bayanan da nake samu a majalisa sun saɓa wa juna. Wani ya ce sai an kawo babban ma'aikacin gwamnati ya tsaya wa yaro, wani kuma ya ja ni gefe ya ce akwai kuɗin ruwa a ciki, in yi hattara. Don Allah mai sani ya fayyace mini abin da ake bukata, da kuma yadda biyan yake idan ta gama.

Ɗalibin ajin ƙarshe, Samaru:

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya sanya wa karatun albarka. Wanda ya yi maka maganar mai tsayawa bai yi ƙarya ba, sai dai labarinsa ya tsufa. Dokar farko da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ita ce ta nemi masu tsayawa biyu, ta kuma ce sai iyalin da kuɗin shigarsu bai kai naira 500,000 a shekara ba. An soke ta, aka kawo sabuwa a watan Afrilun 2024 wadda ta cire waɗannan sharuɗɗan, sannan aka buɗe shafin neman rancen ranar 24 ga Mayu na wannan shekarar. Ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne ke da damar nema, na tarayya da na jiha, saboda haka KASU tana ciki.

Ita da kanta za ta cike, ba kai ba. Za ta bukaci lambar JAMB, lambar NIN, lambar BVN, lambar rajistarta ta jami'a idan ta riga ta samu, takardar shaidar samun gurbi, da asusun banki mai sunanta. Rancen kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ba ya biyowa ta hannun ɗalibi, kai tsaye ake tura shi asusun jami'a. Na biyu shi ne kuɗin kashewa, naira 20,000 a wata, wanda ke shiga asusun ɗalibi, kuma ba dole ba ne a nemi wannan. A kowace shekarar karatu sai an sake nema.

Mai shagon intanet, Kawo:

Malam, bayanin da ƙanina ya yi daidai ne, amma bari in ƙara abin da nake gani a gabana kusan kullum, domin a nan ne yawancin yara ke maƙalewa. Shafin ba zai gane 'yarka ba sai jami'arta ta riga ta tura bayananta ga hukumar, kuma sabon ɗalibi ba ya samun lambar rajista sai ya kammala tantancewa. Idan ta gwada aka ce ba a ga bayananta ba, kada ta ɗauka an ƙi ta ne, ofishin kula da harkokin ɗalibai ko sashen kwamfuta na makarantar za ta nufa.

Babbar matsalar kuwa ita ce ta suna. Mu mutanen nan mun saba yaro ya zama Muhammad a takardar firamare, Mohammed a JAMB, Muhammadu a banki, ko kuma yarinya ta sa sunan mahaifi a wuri ɗaya, sunan kaka a wani, ranar haihuwa ma wanda ya cike takardar ne ya ƙiyasta. Mutum zai gane cewa duk mutum ɗaya ne, na'ura ba za ta gane ba. Tun yanzu ku shimfiɗa takardun uku a tabarma, na NIN da na banki da na JAMB, ku bi su harafi bayan harafi. Gyaran NIN na hukumar NIMC ne, na BVN a banki ake yi, na JAMB kuma a ofishinsu, kuma ba a kwana ɗaya suke kammaluwa ba. Na ga yarinyar da ta rasa shekara guda cur saboda an juya mata rana da wata.

Wani abu kuma, neman rancen kyauta ne. Mu kuɗin aiki da na data kawai muke karɓa. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai sa a amince da sauri, ko ya nemi lambar sirrin da banki ke turowa ta waya, ɗan damfara ne.

Tsohon malamin makaranta, Unguwar Rimi:

Game da kuɗin ruwa, Malam, ka kwantar da hankalinka, doka ta ce babu shi, abin da aka karɓa shi za a mayar. Amma bashi sunansa bashi. Biyan yana farawa ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi ta hannun wanda ya ɗauke ta aiki, mai sana'ar kansa kuma yana biyan kashi 10 na ribarsa ta wata. Wanda bai samu abin yi ba yana iya neman a ɗaga masa ƙafa da takardar rantsuwa, yin ƙarya a cikinta kuwa laifi ne da ake hukuntawa.

Ra'ayina shi ne ku zauna da ita ku yi lissafi kafin ta nemi kashi na biyun. Naira 20,000 a wata ba ta da yawa a hannu, amma idan aka tara ta shekara huɗu takan zarce kuɗin makarantar kansa, musamman tun da Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin KASU daga naira 150,000 zuwa 105,000 a watan Agustan 2023. Yarinyar da za ta riƙa zuwa daga Tudun Wada tana kwana a gida ba ɗaya take da wadda ta kama ɗaki a reshen jami'ar da ke Kafanchan ba. Sannan ku sa kunne ga sanarwar Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Kaduna, domin abin da take bayarwa da sunan tallafi ba a mayarwa.

Tela daga Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba takardun jiya da dare, kuma lallai a takardarta ta banki an rubuta sunana ne da "u" a ƙarshe, a JAMB babu. Saura tambaya ɗaya: idan wa'adin rajista ya matso kuɗin bai fito ba, in biya ko in jira?

Ɗalibin ajin ƙarshe, Samaru:

Baba, idan da hali ka biya, kada ta rasa rajista. Idan kuɗin ya iso daga baya, makaranta ce ke mayar wa ɗalibi abin da ya biya, sai dai wani lokacin sai an yi ta bibiya. Ta adana rasit ɗin biyan da kyau, ta kuma ɗauki hoton shafin da ke nuna an amince da rancenta, domin su za ta gabatar a ofishin kuɗi.