Musayar Waƙa: Ina Haƙƙi Yake Tsayawa?

Malam na Birni:
Assalamu alaikum. Tambayar ita ce: shin haƙƙin matalauci a kan mai wadata yana ƙarewa a inda ƙasa ta ƙare? Ga abin da na fahimta, mai ja ya ja da baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai rabon arziki ga bayinsa duka.
Da Manzo ya aiki Mu'azu Yaman,
Ya ce wa mawadatansu su ba da zakka,
A mayar da ita ga matalautan cikinsu,
Bai ce a kai ta Madina ba ko Makka.
Malamanmu na Malikiyya sun bi sawu,
Inda aka tara ta, a nan za ta sauka.
Wanda maƙwabcinsa ya kwana da yunwa,
Ba na nesa zai fara share wa kuka.
Kowace al'umma ta gyara gidanta,
Wannan ne adalci a yadda na ɗauka.

'Yar Zango:
Allah gafarta Malam, maganarka ta yi kusa da ta John Rawls, masanin falsafa ɗan Amurka, wanda a 1999 ya nuna cewa raba dukiya bisa adalci aikin cikin kowace ƙasa ne, na waje kuwa sai taimakon al'ummar da ta gaza har ta tsaya da ƙafarta. Amma tun 1972 Peter Singer, masanin falsafa ɗan Ostareliya, ya yi tambayar da har yanzu ba a kauce mata ba, kuma da ita zan fara.

In ka ga yaro yana nutsewa a tafki,
Za ka tambayi garinsu kafin cetowa?
In ka yarda nisa ba ya soke haƙƙi,
Ta yaya layin taswira zai yi sokewa?
Yara biyu aka haifa a dare guda,
Babu wanda ya zaɓi wurin haihuwa.
Na Turai ya tarar da likita da makaranta,
Na Kance a Nijar ya tarar da rumbu yana ƙarewa.
A 2013 mutum 92 suka mutu a hamada,
Mafi yawa mata da yara, saboda ƙishirwa.
Aljeriya suka nufa neman abin kaiwa baki,
Ba laifin da suka yi in ban da yunwa.
A shekarar toka ta yunwa, Halifa Umar ya rubuta wa gwamnansa,
Amru ya aiko da ayarin abinci ba da daɗewa.
Da a ce iyaka ce take yanke haƙƙi,
Da Madina ba ta ga hatsin yana isowa.

Ɗan Magarya:
Yaya, kin yi magana. Ni ɗan kasuwa ne, saboda haka layin da kuke gardama a kansa ni da ƙafa nake taka shi.

Kakanninmu sun yi fatauci Kano da Agadas,
Ba wanda ya tsare su a hanyar Daura.
A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi,
Daga Sayi zuwa Barwa, nan aka fara.
Ba su tambayi Sarkin Damagaram ba,
A 1906 suka zauna suka ƙara gyara.
Yau gwaggona tana can, ni ina nan,
Sai duwan ya yarda in kai mata ziyara Babura.
An rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023,
Talaka ne ya ji a jika, farashi ya ƙara.
Malam, wane ne na kusa, wane ne na nesa,
In baƙo ne ya auna mana, mu muna jira?

Malam na Birni:
'Yata, hujjarki ta shekarar toka karɓaɓɓiya ce, kuma littattafanmu sun halatta a kai zakka wani gari idan buƙatarsu ta fi ta gida tsanani. Sai dai akwai abin da kika tsallake.

Umar ya yi umarni ne ga gwamnansa,
Daula ɗaya ce, da baitulmali da alƙali.
Duniyar yau ba ta da sarki guda,
Wa zai karɓa, wa zai raba bisa dalili?
Haƙƙin da babu mai tilasta biyansa,
Yakan koma kyauta, a ba ka sai an ga hali.

Ɗalibin Jami'a:
Ranka ya daɗe, Malam, a nan ne nake ganin gardamar ta kauce, domin ku duka kuna magana kamar mai wadata bai taɓa mu'amala da mu ba. Thomas Pogge, masanin falsafa ɗan Jamus, ya ce kafin a zo ga wajibcin taimako, akwai wajibcin daina cutarwa. Ni ba sadaka nake nema ba.

Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit,
Ya haskaka biranen da ba mu taɓa gani ba.
Mu kuwa a ƙauyukan Mirya da Gure,
Ɗalibi na karatu da tocila, wuta ba ta zo ba.
Hayaƙin da ke ɗumama duniyar nan,
Na Afirka duka bai kai kashi 4 cikin 100 ba.
Amma daminarmu ce ta rikice,
Manomi ya yi shuka bai san ko zai girba ba.
A 2022 a Masar aka amince da asusun diyya,
Abin da aka zuba bai kama ƙafar ɓarnar ba.
Yuro 90 ake biya don neman bizar Turai,
In an hana ka, ba a mayar da kuɗinka ba.
Kayanmu na wucewa ba a tambayi fasfo ba,
Mai kayan ne kaɗai ba a yarda ya bi ba.
Wannan bashi ne, Malam, kuma ka san hukunci:
Rashin alƙali bai taɓa sauke bashi ba.

'Yar Zango:
Ƙanena, na yarda da bashin. Amma ma'aunin da muka ɗauko dole mu hau shi mu ma, kuma ga Malam nake mayar da tambayar.

'Yan gudun hijirar Borno sun sauka Difa,
Sun tarar da masu gida su ma cikin rashi.
An raba rijiya, an raba ƙwaryar gero,
Ba wanda ya ce a fara nuna takardar shi.
To in damina ta gaza, hatsi ya yi tsada,
Muka hana a fitar da shi, maƙwabci na buƙatar shi,
Malam, a littafinka wannan kare gida ne,
Ko kuwa abin da muke zargin Turai da shi?