Rubutun allo ya yi dishi-dishi, wane saiti za a taɓa?

Ɗan Nima: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Monita ce ta hannu, inci 24, aka haɗa wa Baba da kwamfutar tebur mai Windows 10 don karatun littattafansa. Rubutun ƙanana ne, wasulan Larabci ba sa fita sosai, in ya jima a gaban allon idanu na yi masa zafi. An rage rezolushan, wato yawan ɗigon hoton allo, zuwa 1280x720, rubutun ya girma amma ya yi dishi-dishi. Me za a taɓa?

Hajiya ta Maamobi: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Bari mutanen Circle, masu gyaran na'urori na nan Accra, su shigo.

Mai gyara a Circle: Ƙanena, rage rezolushan ɗin nan shi ya ɓata rubutun. Allon LCD ɗigo-ɗigo ne a jere, kuma adadinsu ba ya canzawa. Mai inci 24 yawanci 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye. In ka ba shi 1280x720, kowane ɗigon hoto sai an shimfiɗa shi a kan ɗigo ɗaya da rabi na allon. Rabin ɗigo kuwa babu shi, sai monita ta cakuɗa launinsa da na kusa da shi. Dishi-dishin da kake gani ke nan.

Danna maɓallin dama na linzami a filin allo, shiga Display settings. A Display resolution zaɓi wanda aka rubuta wa Recommended, kada ka sake taɓa shi. Girman rubutu a Scale and layout ake neman sa: sa 125%, in bai isa ba 150%. In rubutun kaɗai kake so ya girma ban da gumaka, je Ease of Access, Display, Make text bigger, ja sandar, danna Apply. Idan 1920x1080 ba ya cikin jerin kwata-kwata, buɗe Device Manager ka duba Display adapters. Ganin Microsoft Basic Display Adapter na nufin ba a sa direban hoto ba, wato manhajar da ke tafiyar da katin hoton kwamfutar, sai an sa shi tukuna.

Da wace waya aka haɗa ta?

Ɗan Nima: Mai shuɗin kai, da noti biyu a gefe.

Mai gyara a Circle: VGA ce. Rabin matsalar tana nan. Siginar VGA ba ta lambobi ba ce, monita ce ke ƙoƙarin dacewa da ita ɗigo bayan ɗigo, in ta kuskure kaɗan sai haruffa su yi inuwa a gefe. Buɗe shafi cike da rubutu, ka danna maɓallin Auto a jikin monitar, ka bar ta ta gama rawarta. In inuwar ba ta tafi ba, shiga menu ka motsa Phase kaɗan-kaɗan. Layukan tsaye masu duhu kuma Clock ke gyara su. Duba filolin kan wayar: ɗaya ya lanƙwashe, allo zai koma ruwan hoda ko rawaya. In akwai ramin HDMI, DVI ko DisplayPort a ɓangarorin biyu, canza wayar kawai ka huta. Adaftar VGA zuwa HDMI ba ta gyara komai, don siginar a matsayin VGA ta fito tun daga kwamfutar.

Malama ta Madina: Bayan wannan, a rubuta cttune a wurin bincike na Start. ClearType ne zai buɗe, mai gyara fitar haruffa a Windows, shafuka biyar, kowanne Baba ya zaɓi rubutun da ya fi fita a idonsa. Shi zai zaɓa, ba kai ba, kuma da tabaransa a ido, a inda ya saba zama. Amma littattafan Larabci da yawa hoton shafi ne aka mayar PDF. Irin waɗannan ClearType bai shafe su ba. Sai dai a ƙara girman shafin da Ctrl da alamar ƙari, ko a nemi kwafin da aka ɗauka da kyau.

Yaron Sabon Zongo: Ku saya masa talabijin inci 32 kawai, rubutu zai yi ƙato.

Mai gyara a Circle: Kada ku yi. Wannan shawarar ce ke kawo mana aiki a Tip Toe Lane, layin masu gyara a Circle, mutum ya kashe kuɗi ya dawo yana cewa kwamfuta ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau. Masu inci 32 na arha da yawa 1366x768 ne, wato ɗigo kusan 49 a kowane inci. Monita inci 24 mai 1080 tana da kusan 92. Harafin zai yi girma, amma ɗigon da ke zana shi kaɗan ne, fataha da kisira su ne farkon narkewa. Na biyu, akwatin talabijin na yanke gefen hoto, sandar ƙasa ta Windows ta ɓace rabi, hoton kuma a sake miƙe shi. Sai an sa Just Scan a LG ko Screen Fit a Samsung. Na uku, yana rage bayanin launi, shi ya sa jan rubutu a kan baƙi ke yin kamar an shafa masa ruwa. A wasu sai an canza sunan mashigar HDMI zuwa PC kafin ya daina. Ga kuma Sharpness da suke cikawa tun daga kamfani, yana zana farin layi a gefen kowane harafi. Na huɗu, baƙi ya koma toka-toka saboda katin hoto na aika matakan haske 16 zuwa 235 maimakon 0 zuwa 255, sai an shiga saitin Nvidia ko Intel an sa Full. Duk wannan wahalar don dattijo ya karanta littafi? Monitar da ke gabansa ta fi.

Yaron Sabon Zongo: Ni dai a kan nawa nake kallon ƙwallo, ban ga matsala ba.

Malama ta Madina: Ƙwallo ba ta da wasali.

Mai ɗab'i a New Town: Zafin idon ba wanda ya taɓo. Haske ne. Monitoci na zuwa da Brightness a sama can, wanda ya dace da shago, ba ɗaki ba. Mu masu aikin launi 120 cd/m² muke nema a ma'aunin hasken allo. Babu na'urar awo? Buɗe farin shafi, riƙe farar takarda kusa da allon cikin hasken ɗakin da aka saba. Allo ya fi takarda haske, rage. Ya fi ta duhu, ƙara. Contrast a bar shi inda kamfani ya sa. Launi kuma a cire shi daga Cool ko 9300K, a sa 6500K ko sRGB. A kashe Dynamic Contrast, shi ke sa haske na hawa da sauka da kansa.

Mai son ƙari: bar monita a kunne minti 30, rubuta dccw a Start, mai daidaita launi na Windows zai buɗe. A shafin gamma ja sandar har ɗigon tsakiyar da'irori ya kusa ɓacewa. A na haske, ka iya bambance rigar mutumin da ke hoton gwajin da kwat ɗinsa. A na Contrast, maɓallan farar rigar su fito. A ƙarshe sandunan toka su zama toka zalla, babu kore babu ja.

Alhaji na Aboabo: Daga Kumasi nake bin ku. A kunna masa Night light, shuɗin haske ke kashe ido.

Mai ɗab'i a New Town: Alhaji, ranka ya daɗe, da rana ba shi da amfani, fari yake mayarwa rawaya. Bayan magariba a kunna, ba laifi. Amma a kashe shi kafin dccw, in ba haka ba duk awon ya tashi a banza.

Alhaji na Aboabo: Ku launi ya dame ku, mu ido ya dame mu.

Mai ɗab'i a New Town: Idon muke magana, Alhaji. Bushewa ce ke kawo yawancin zafin, mutum na rage ƙiftawa in yana kallon allo, balle ga fanka na bugun fuska da hunturu.

Malama ta Madina: Nisa kamar tsawon hannu, santimita 50 zuwa 70. Saman allo daidai da ido ko ƙasa kaɗan. In tabaran Baba mai hawa biyu ne, a ƙara sauke monitar don kada ya riƙa ɗaga haɓa. Taga ta kasance a gefe, ba a bayansa ba, ba a bayan allo ba. Duk minti 20 ya ɗaga kai ya dubi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. In zafin ya ci gaba bayan duk wannan, asibitin ido, ba saiti ba.

Mai gyara a Circle: Ƙari ɗaya kan rage haske. Wasu monitoci ba rage fitilar bayan allo suke yi ba, kashe ta suke suna kunnawa da sauri, ido bai gani amma kai na ciwo. Rage hasken, kaɗa biro da sauri a gaban farin shafi. Ka ga biro da yawa a jere daban-daban, tana ƙiftawa. Irin wannan a bar Brightness ɗinta a sama, a rage hasken daga saitin katin hoto.

Hajiya ta Maamobi: Tawa monitar kuma tun dumso, ɗaukewar wutar nan, na kwanaki, in an kunna sai hoto ya fito daƙiƙa biyu ya ɗauke, fitilar gaba na nan a kunne.

Mai gyara a Circle: Hajiya, wannan ba saiti ba ne. Haska tocila a jikin allon, in kin ga hoton a dushe, fitilar baya ce ke mutuwa. Yawanci kafasitocin sashen wuta na cikin monitar ne suka kumbura, ana canza su. Kada yara su buɗe ta, babbar kafasita na riƙe wuta bayan an zare soket.

Sarkin zaure: Maganar Hajiya a ɗauke ta daban. Ɗan Nima, ina aka kwana?

Alhaji na Aboabo: Kafin ya amsa, wayar DVI zuwa HDMI ita ma irin adaftar nan ce da aka hana?

Mai gyara a Circle: A'a Alhaji, su biyun sigina ɗaya suke ɗauka, wayar zalla ce, rubutu zai fita tas. Sauti ne kawai kada ka sa rai da shi. In za ka saya a Adum, can Kumasi, duba ramin monitar tukuna, akwai kan DVI mai ƙarin filoli huɗu a gefen faffaɗan ƙarfen, ba ya shiga ramin DVI-D.