Sakamakon gwajin fatar Baba bai tabbatar da komai ba, ga hanta tana ƙara lalacewa

Assalamu alaikum. Likitoci da masu jinya da ke cikinmu, don Allah ku taimaka mini da haske.

Babanmu, a nan Aboabo cikin Kumasi, an ba shi maganin allopurinol saboda ciwon gaɓoɓi. Bayan wajen wata guda sai zazzaɓi, fuska ta kumbura har idanu suka ƙanƙance, ƙuraje ja suka rufe ƙirji da baya. Likitoci suna zargin DRESS, wato mummunar illar da wani magani kan jawo wa fata da kayan ciki, wadda takan bayyana mako 2 zuwa 8 da fara magani. An dakatar da maganin, an sa shi a prednisolone, maganin rage kumburi.

Inda na tsaya ke nan. An yanki ɗan guntun fata aka duba, rahoto ya ce kumburi ne da ƙwayoyin limfosait (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) a gefen jijiyoyin jini, babu iyosinofil (wani nau'in nasu da kan yawaita a DRESS) a ciki, alhali a jininsa sun yi yawa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san gwajin fata kaɗai ba ya tabbatar da wannan ciwo. To rashin iyosinofil a fata yana rage zargin ne, ko lissafin RegiSCAR, wato makin da ake haɗawa daga alamomi don tantance DRESS, ya wadatar?

Abin da ya fi tayar mini da hankali hanta ce. Fatar ta fara saɓa, amma ALT, sinadarin da ake aunawa a jini don ganin lalacewar hanta, sai hawa yake, farin idonsa ya koma rawaya. An gwada ciwon hanta nau'in B da C, babu. Ya kamata a nemi HHV-6, ƙwayar cutar bairas da kan farfaɗo a masu DRESS? A wane mataki ake kiran likitan hanta?

Kuma gwaggonmu ta dage sai an ba shi jiƙon shawara. Na hana, amma da wane harshe zan fahimtar da ita?