Wace bishiya zan ɗora waƙata a kanta?

Ɗaliba: Salam 'yan zaure. Ina son rubuta waƙa kan haƙurin bishiya da zaluncin da ɗan adam ke mata, don Allah ku ba ni shawarar wadda zan kama.

Mai Alƙalami: Gawo. Da damina yake zubar da ganye, da rani kowa ya bushe shi kuma ya yi kore shar.

Baba Malam: 'Yata ki nemi labarin bishiyar Tenere ta Nijar. Ita kaɗai tilo a tsakiyar Sahara, saiwarta ta nutsa sama da mita 30 neman ruwa, iska da yashi ba su kayar da ita ba, sai a 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Gawarta na gidan tarihi a Yamai.

Yaya Babba: Ni dai roƙona kada ki yi irin waƙar da aka karanta mana a wani taro, wallahi har yau raina a ɓace yake, baiti kusan duka "bishiya na hawaye, gatari mugu ne" amma mai waƙar ko sunan bishiya ɗaya bai ambata ba, bai san kututture yana sake tofo ba bayan an sare shi, kuma a ƙofar wurin taron an datse wasu manyan darbejiya don a samu filin ajiye motoci, babu wanda ya ce uffan. Ki je ki zauna ƙarƙashin bishiya, ki taɓa ɓawon, ki ga inda aka sassaƙe ta ya warke, sannan ki ɗau biro.

Ɗan Autan Zaure: Yaya yau an taɓo ka kenan 😂

Mai Alƙalami: Amma fa mai sara don gawayi ba mugunta ba ce kullum, talauci ne.

Yaya Babba: To waɗanda suka sare bishiyar Sycamore Gap a Ingila a 2023 yunwa suke ji?

Baba Malam: Ita ma kututturenta ya yi tofo. Akwai kuma bishiyoyin Hiroshima ta Japan da suka tsira daga bam ɗin 1945.

Mai Alƙalami: Misali ɗaya bai share maganata ba Yaya.

Ɗaliba: Na gode Baba. Ƙwar biyu zan yi ko ƙwar biyar, wato layi biyu ko biyar a kowane baiti?

Ɗan Autan Zaure: Ki bari su gama rigimar gawayi tukuna.