Wa ya taɓa zuwa gandun Kenai Fjords a Alaska?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Muna shirin zuwa Alaska da yara a watan Yuli, maigida kuma ya ƙwallafa rai a kan Kenai Fjords. Don Allah waɗanda suka je, jirgin ruwa ya fi ko tafiyar ƙasa?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam, Hajiya. In da hali ku haɗa biyun. Daga Anchorage mota za ta kai ku garin Seward cikin kamar awa biyu da rabi. A duk gandun, Exit Glacier, wata ƙatuwar daskararriyar ƙanƙara da ke narkewa tana ja da baya, kaɗai titi ya kai, kuma shiga kyauta ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne allunan da aka kakkafa a hanya, 1815, 1917, har zuwa 2010, kowanne na nuna inda bakin ƙanƙarar yake a shekararsa. Ka wuce allo, ka yi ta tafiya cikin itatuwa, ƙanƙara tana can gaba. Nan Obama ya je a 2015 yana maganar ɗumamar yanayi. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ku tsaya da yaran a gaban kowane allo, kada ku yi sauri.

Anti Bilki: Ni dai jirgi. Mun fita ta Resurrection Bay, wato ruwan da ke gaban Seward, zuwa Aialik, inda wata ƙatuwar ƙanƙara ta gangaro har bakin teku, aka kashe inji, sai muka ji ƙara kamar aradu, wani ɓangaren ƙanƙara ya ɓalle ya faɗa teku. Mun ga manyan kifayen wel, da karnukan ruwa suna kwance rigingine a kan ruwa. Amma 'yar'uwa, da an fita buɗaɗɗen teku igiya takan yi ƙarfi, mutane da yawa sun yi amai. Ku sha maganin jiri tun kafin ku hau, ku riƙe citta. Rigar sanyi da safar hannu dole ne, ko da a Yuli.

Ɗan Zinder: Na hau hanyar Harding Icefield, wato babban filin ƙanƙarar da ke saman duwatsu, mil takwas da ɗoriya zuwa da dawowa, hawa ne sosai, ba ta ƙananan yara ba ce. Akwai beyar, a riƙa tafiya a tare ana magana da ƙarfi. Sannan ku duba jadawalin salla tun daga gida, don rana ba ta faɗuwa sai wajen sha ɗaya na dare.

Maman Hanifa: Allah Ya saka da alheri. Anti, akwai gajeren zagaye da bai fita buɗaɗɗen tekun ba? Ƙaramar tawa ko a mota amai take yi.